Kwamfutar Tjitske

Me zai sa kwamfuta ta yi shekara da shekaru ba ta taɓa gardama ba, sai a makon da mai ita ta rasu ta ƙi tashi? Ni dai ban san amsa ba, Douwe Hiemstra ma bai tsaya nema ba. Yana durƙushe a ƙarƙashin tebur, gwiwoyinsa na zogi, yana cire waya yana mayarwa.

Jibi ne jana'izar matarsa Tjitske. Bayan jawabai za a haska hotunanta a bango, mutane na shan kofi da kek. Matar da ke shirya jana'izar ta ce hotunan su iso mata gobe. Su kuwa duk suna cikin wannan baƙin akwati.

Ya danna maɓalli. Fanka ta juya, na'urar ta yi ɗan kuka, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Maƙwabcinsa Bouke, tsohon direban bas, ya shigo da sukudireba a aljihun riga.

"Tashi daga nan, tsoho, kafin mu haɗa jana'iza biyu. Kek ɗin ba zai isa ba."

Suka sauya soket. Suka gwada allon Bouke. Suka buɗe cikin akwatin, ƙura ta tashi, har da gashin kyanwar da ta daɗe da mutuwa. Bouke ya zaro wasu siraran alluna biyu, ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya mayar. Shiru.

"Ta bi uwar ɗakinta," in ji Bouke. Ya nuna wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu. "Amma hotunan suna nan cikin wannan faifan. Kwance shi ka kai wa Marrit. Aikinta ke nan, kafin kofinka ya huce ta fitar maka da su."

"Ba zan je ba."

"Ƴarka ce fa."

"Na san wadda na haifa."

Abin da ya shiga tsakaninsu bai kai ya kawo ba, kuma shi ne abin da ya fi damuna a ciki. Ranar Litinin jikin Tjitske ya tsananta a asibiti. Douwe ya kira Marrit ya ce, "Mamarki na ɗan jin jiki, ba wani abin tashin hankali ba ne." Haka ake magana a wajenmu, ba ka ɗora wa mutum nauyinka, ko da kai ka haife shi. Marrit ta duba kalandarta ta ce za ta zo Alhamis kamar yadda aka tsara. Ya ce to, Alhamis ta yi. Tjitske ta cika ranar Laraba.

A barandar asibiti ya ce mata, "Uwarki ba ta duba kalandarki ba." Ita kuma ta ce, "Kai ka ce ba komai, Baba. Ka hana ni ganinta don kada a ce ka roƙi wani abu." Tun daga ranar, duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakin mai shirya jana'iza yake bi.

"Ku biyun nan daga icce ɗaya aka sassaƙo ku," in ji Bouke. "Ita ta ji abin da ya yi mata daɗi, kai ka faɗi abin da ya yi maka sauƙi. Yanzu sai a haska wa mutane farin bango?"

"Sai a haska."

Bouke ya ciro wani ɗan batir mai kama da kwabo daga cikin akwatin, ya sa wani da ya zaro daga agogon kicin ɗinsa, ya ce wannan ne ƙarshen iliminsa. Matarsa ta kira shi ta taga. Ya tafi bai ko gwada ba, ya bar sukudirebarsa a kan tebur.

Douwe ya zauna a kujerar Tjitske. Yayyafi na bugun taga. Ya miƙa yatsa ya danna maɓallin, ba don yana sa rai ba.

Allo ya kawo haske.

Ga hoton Tjitske a kan ƙanƙara da jan mayafi, tana riƙe da Marrit tana ƙarama, su biyun suna dariya. Shi ba ya ciki, shi ya ɗauka. Komai na nan. Abin da ya rage ya kwafe hotunan, ya aika wa mai shirya jana'iza, shi ke nan ba ya buƙatar kowa. Jibi zai zauna a wannan gefen zaure, ƴarsa a wancan, su gaisa da hannu kamar abokan aiki.

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya kashe kwamfutar, ya ɗauki sukudireba, ya kwance faifan. Ya naɗe shi a tsumman goge kwano, ya sa a jakar keke.

Ya isa ƙofar Marrit ƙarfe shida na yamma, lokacin cin abinci, da mai hankali ba ya ƙwanƙwasa wa kowa. Ƙamshin dankali da kabeji na fitowa. Ta buɗe da cokali a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta matsa ba.

"Baba. Ba ka kira ba."

"Ban kira ba."

"Abinci za mu ci."

"Na sani." Ruwa na ɗiga daga hularsa. Ya miƙa mata ƙunshin da hannu biyu. "Kwamfutar mamarki ce ta mutu. Na yi iya yina, na kasa. Ki taimake ni."