Farin Keke a Cikin Ƙamus

Ba wanda ke karanta ƙamus daga farko zuwa ƙarshe. Mutum ya buɗe, ya ɗauki kalmarsa, ya rufe. A duk gidan buga littattafan nan mutum ɗaya aiki ya tilasta wa bin sa layi-layi, ita ce mai gyaran kurakurai, wadda kowa ke kira Jan Biro. Shekara goma sha tara tana zaune a teburin jikin taga, fanka na ɗaga mata takardu, tana danne su da wani guntun ƙarfen inji.

Aikin wannan karon ƙamus ne na 'yan firamare. Wani tsohon malami ne ke tsara shi a gidansa. Kowace kalma yana rubuta ta a ɗan kati, da ma'anarta, da jimla guda ta misali. Manaja ya karɓo katunan kashi-kashi, mai buga rubutu ta buga, sannan shafukan su iso teburin Jan Biro. Ba ta taɓa ganin tsohon ba.

A shafi na biyu ta tsaya. An rubuta: abin kunya, aikin da ke zubar da mutuncin mutum a idon jama'a. Misali: "Hedimasta mai farin keke ya yi abin kunya ranar jarrabawa."

Ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Jimlar tana nan.

Hedimasta mai farin keke guda ɗaya aka taɓa yi a garin, kuma a wannan sa'ar yana gidanta, a ɗakin baya, yana sauraron rediyo. Yayanta ne. Shekara ashirin da shida da suka wuce aka tarar da ambulan ɗin tambayoyin jarrabawa a buɗe cikin durowar ofishinsa, da safiyar ranar da za a zauna. Aka kore shi. Ita lokacin tana karatu a wani gari, a wasiƙa ta ji. Ya yi rantsuwa har ya gaji ya bari. Tun daga nan bai ƙara hawa keken ba, kuma da matarsa ta rasu ya dawo wurinta, in ba asibiti ba ba ya wuce ƙofar gida.

Mutane suna son su ce magana in ta tsufa mutuwa take yi. Ba ta mutuwa. Kwanciya take, tana jiran mai taɓa ta. Ga shi kuwa mai taɓawar ya zo da littafin da za a buga kwafi dubu biyar a raba makarantu.

Wadda ta fara zargi ita ce mai buga rubutu, matar da ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Makon jiya suka yi cacar baki a kan wa ya bar taga a buɗe ruwa ya jiƙa takardu.

"Ke Rediyo, zo nan. Wannan jimlar daga ina?"

"Daga kati mana, Anti. Ni ina na ga basirar ƙirƙiro jimla? Ko sunana sai na leƙa katin shaida nake bugawa."

"Kawo katin."

"Kai, Anti, wannan kallo! Sai ka ce ni ke ɗauke wutar unguwa."

Ta kawo. Rubutu ne ƙanana, a kwance kamar ciyawar da iska ta bi ta kai, da shuɗin tawada. Na tsohon ne, ba tantama. Jan Biro ba ta soke jimlar ba. Ɗigo ɗaya ta yi a gefe. Tana so ta san da wa take yi tukuna.

Da ta koma gida ta kai wa yayanta shayi, ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙare masa kallo.

"Yaya, kwanan nan wani ya zo wurinka?"

"Mai aski. Shi ma wurin gashin ya zo, ba wurina ba. Lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Har mai askin sai da ta auna a ranta, da maƙwabciyar da ke yawan aron tsani, da tsohon ɗalibin da ya taɓa kawo gaisuwa bara yana ta leƙe-leƙe.

Kashi na biyu ya iso. Yanzu ba kuskure kaɗai take nema ba. A ƙarƙashin "buɗe" ta samu: "An buɗe ambulan da tururin butar shayi." A ƙarƙashin "kora": "Ranar da aka kori hedimasta, kekensa a makaranta ya kwana."

Zancen kwanan keken yana cikin wasiƙar da mahaifiyarsu ta sa aka rubuto mata: a ƙasa ya tako gida ranar, ya manta ma yana da abin hawa. Wanda ya rubuta wannan jimla ba ji ya yi ba, yana wurin.

Ta shiga ofishin Manaja ta ajiye masa shafukan.

"Haba, Anti, misali ne fa kawai. Hedimasta nawa ne a duniya?"

"Masu farin keke?"

"To ki mai da shi baƙi. A'a, tsaya. Tsohon nan ya kafa sharaɗi, ba a taɓa masa misali sai da sa hannunsa. Waƙafi ma da ƙyar yake yarda. Kuma ƙarshen wata inji zai hau."

Bai kalle ta ba yana maganar, yana ta gyara zaman biro a aljihu. Da ta fito, shi ma ta saka shi cikin jerin waɗanda take zargi.

Kashin ƙarshe ne ya rikita mata tunani. A "makulli" an ce: "Mataimakin hedimasta ma yana da makullin durowar." A "shiru": "Da aka tambayi mataimakin, sai ya yi shiru." A "tsoro": "Tsoro ya hana shi ɗaga kai." Sai a "yafe" rubutun ya ƙara kwanciya, kuma mai jimlar ya daina ɓuya bayan wani: "Ban san ko zai yafe mini ba."

Ta kwafe jimlolin bakwai a takarda guda, a jere. Ta karɓi kwatancen gidan wurin direban kamfani, ranar Asabar da hantsi ta tafi.

Gida ne mai ɗaki biyu a bayan wata tashar mota. Falon cike da kwalayen takalma, kowanne da harafi a goshinsa, katuna a ciki. Tsohon siriri ne, tawada a yatsunsa.

"Ke ce mai jan biron? Sannu da zuwa. Waƙafi arba'in da ɗaya kika gyara mini, biyu ban yarda da su ba."

"Ba waƙafi ya kawo ni ba, Malam. Zauna in yi maka karatu."

Ta karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ake yi wa 'yan aji. Tun a ta uku ya dafa kwalin da ke kusa da shi.

"Na ɗauka ba mai haɗa su," in ji shi.

"Ni aikina ke nan. Kuma mai farin keken yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta zuba masa ido tana neman alamar ko da ma ya sani, ko don ita ya zaɓi gidan bugun nasu. Fuskar ba ta ba ta amsa ba.

"Ɗana ne zai zauna jarrabawar," ya ce daga baya. "Sau biyu yana faɗuwa. Na buɗe, na kwafa, na ji tafiyar maigadi, na kasa liƙewa. Da safe aka tambayi mai makulli, kowa ya dubi hedimasta. Ni kuma..."

"Ka yi shiru. Shafi na ɗari da sittin, na gani. Ɗan naka ya ci?"

"Bai ci ba."

"To madalla. Yanzu don me ka rubuta?"

"Yarinya, abin ya daɗe yana cina. Na ce ko ba na iya faɗa da baki, in bar shi a rubuce. Ai gaskiyar duk tana cikin littafin."

"Yarinya? Ina da jika a aji huɗu, Malam, kuma irinta za a miƙa wa littafin nan. Malamarsu ta ce a nemo 'abin kunya', ta buɗe shafi na biyu, ta kwafa a littafin aiki cewa hedimasta mai farin keke ya yi abin kunya. Ta rufe. Ta kai gida, kakanta ya gani, ya ce af, ai na san shi. Wa zai bi ta har 'makulli'? Wa zai kai ta 'yafe'? Ƙaryar ka ajiye a bakin ƙofa, gaskiyar ka yayyanka ta ka ɓoye a ɗakuna shida. Wancan karon shiru ka yi aka kore shi. Wannan karon da hannunka za ka sake korarsa, sau dubu biyar."

Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"Me kike so in yi?"

Ta zaro kati marar rubutu daga kwalinsa, ta ɗora masa jan bironta a kai.

"Jimla ɗaya. A wuri ɗaya. A shafi na biyu."

Ya ɗauki biron ya rubuta: "Mataimakin hedimasta ya yi abin kunya, ya bari aka kori mai farin keke a kan laifinsa." Ta karanta sau biyu tana neman ƙofar da ya bar wa kansa. Ba ta samu ba.

"Sa hannu a ƙasa. Sannan ka sa takalminka."

"Yana da rai?"

"Ashe ko tambaya ba ka taɓa yi ba."

A ɗakin baya suka sami yayan nata, rediyo na ƙara. Ya kashe. Ya dubi baƙon tun daga hula har takalmi, bai ce ya zauna ba. Jan Biro ta miƙa masa katin. Ya nesanta shi da idonsa, ya karanta, leɓunansa na motsi.

"Har yau rubutunka bai miƙe ba," ya ce wa tsohon mataimakin nasa.

"Ranka ya daɗe, ni ne na..."

"Na iya karatu." Ya juya wurin ƙanwarsa. "Kwafi nawa za a buga?"

"Dubu biyar, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Keken nan yana sito?"

"Yana nan. Tayoyin sun ruɓe."

"Ban ce zan hau ba. A fito da shi ƙofar gida, a jingine."

Baƙon yana tsaye har lokacin, yana jiran wata kalma da ba a ba shi ba. Jan Biro ta karɓi katin ta saka can ƙasan jaka, ta ja zif. Ranar Litinin ba ta ba Manaja ba, ba ta bar shi a teburin Rediyo ba. Kujera ta jawo ta zauna a bayanta har aka buga jimlar, ta karanta a fuskar kwamfuta, ta sake karantawa a takarda. Ranar da inji ya hau kuma, ita ta ɗauki kwafin farko tun tawada ba ta bushe ba, ta buɗe shafi na biyu.