Saba a Ɗakin Monday

Maman Monday ta buga wayar a kan teburin Ɗahiru har ƙananan sukurori suka watse ƙasa. Shagonsa na gyaran waya a Sabon Tasha cike yake da mutane, ita kuwa ko a jikinta. Ta ce ya buɗe kunnensa da kyau, sannan ta danna.

Muryar ta fito da 'yar dariyar nan tasa. "Mama, lokacin maganin hawan jini ya yi. Ki ci wani abu tukuna."

Muryar Monday ce, ɗanta, wanda aka binne a ƙauye tun kafin Ista, bayan tirela ta bi ta kan mashin ɗinsa a hanyar Kachia. Ita da hannunta ta zuba ƙasar farko. Amma kullum safiya sai wayar ta yi ƙara, sai wannan murya. Ta kai wa fasto, ya shafa wa wayar mai. Ta je ofishin masu layi, wata yarinya mai dogon farce ta ce ta canza lamba. 'Yan sanda suka tambaye ta wa take ƙara, mamacin? Suka yi dariya. Tun ranar ta daina shan maganin gaba ɗaya. Ba za ta bi umarnin ɗan iskan da ke wasa da kabarin ɗanta ba, ko wane ne shi.

Ɗahiru ne ya rage. Shi da Monday suke kwashe Asabar suna haɗa tsofaffin kwamfutoci kamar marasa aikin yi, don haka a gaban kowa ta ce shi take zargi.

Ya daɗe yana kallon wayar. "Mama, saba ce."

"In saba? Ka binne naka tukuna, sannan ka zo ka koya mini sabo."

Da ƙyar ya samu ta saurare shi. Ya ce sunan wata na'ura ke nan, saba, kwamfutar da ba a kashewa. Monday ba ya son ajiye kayansa a hannun manyan kamfanoni, shi ya sa ya haɗa tasa a ɗaki. Hotunan iyali, waƙoƙin 'yan kwaya na cocinsu, duk a ciki suke. Shi ya naɗi muryarsa, ya umarce ta ta riƙa aikawa.

Ta ce ya tashi ya nuna mata.

Keke ya sauke su a Mahuta da tsakar rana. Peace, matar Monday, ta koma gidan iyayenta a Zonkwa, ta bar wa surukarta makulli, Maman Monday kuma ba ta taɓa samun zuciyar buɗe ƙofar ba. Yanzu ta buɗe. Ɗakin da ɗumi, kamar wani ya tashi daga barci yanzu ya fita. Silifas ɗinsa na bakin gado. A kan wani tebur akwai akwatunan ƙarfe baƙaƙe suna gurnani a hankali, 'yan fitilu kore suna ƙiftawa. Wayoyi sun bi bango sun haura rufi, inda faifan sola yake ciyar da batir.

"Sannu da zuwa, Mama," in ji ɗakin.

Ta dafa ƙofa. Ɗahiru ya yi saurin cewa wayarta ce ta shiga layin gidan, na'urar ta gane ta. Haka Monday ya tsara.

"Bai tambaye ni ba," ta ce. "Yana raye bai ji maganata ba, na ce ya sayar da mashin ɗin nan. Yanzu shi zai riƙa ba ni oda? Kashe ta."

Ɗahiru ya kunna allon kwamfutar, ya tsaya. Ya ce akwai abin da ya kamata ta sani. Monday ya kulle komai da kalmar sirri, kuma ba wanda ya gaya wa. Muddin tana kunne za ta ci gaba. In aka zare wayar wutar, ranar da aka mayar za ta nemi kalmar, daga nan ba murya, ba hoto, har abada. Ya nuna mata baƙar wayar wutar da ke bango, ya ce shi dai ba da hannunsa ba.

Ta matsa. A allon akwai 'yan hotuna a jere, nata, na Peace, na Monday. Ba ta iya karatu ba, amma ta san kala. Na Peace toka-toka ne. Nata kore. Na Monday ma kore.

Ta tambayi ma'anarsa. Ɗahiru ya ce kore na nufin mutum yana gida. Wataƙila wayar Monday tana cikin durowa. Ta ce wayar da 'yan sanda suka ba ta a leda, a farfashe, ita ta sa ta cikin akwatin gawa. Ya ce to wani lokaci na'ura kan maƙale a kan abin da ta gani na ƙarshe. Bai kalle ta ba da yake faɗa.

Ta kama baƙar wayar. Da ɗumi, kamar wuyan hannu. Ta tsaya a haka har wani mai sayar da kankana ya wuce ta bayan taga, muryarsa ta ɓace.

Ta saki. Ta tambayi me abin yake ci. Ɗahiru ya ce rana kawai, sai a riƙa goge faifan, datar kuma ta shekara Monday ya saya, in ta ƙare shi zai duba.

Ta zauna a bakin gadon, ta kwance bakin zaninta, ta ciro katin maganin da ya kwana biyu a ɗaure.

"Je ka samo mini ruwa da biredi," ta ce.

Da ya fita, ta juya ta harari koren hoton Monday.

"Na ji. Ba sai ka maimaita ba."