Tabarmar Yaron Nan Mai Fitila

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma ba na neman mai fassara.

Ɗana na fari ya sayo wata 'yar tabarmar roba mai fitila a gefe, ja, kore, shuɗi, tana canzawa. A kanta yake murza mawus yana harbin mutane a kwamfuta. Tun da ta shigo gidana ban ƙara ganin fuskarsa ba, sai ƙeya.

To a mafarkin tabarmar nan ta zama gari guda. Ba ƙasa, ba yashi, sai baƙar roba mai santsi, fitilar ta kewaye ta kamar ganuwa. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsatsowa yana hawa, kowa ya juya lemarsa yana taka ta.

A ƙofar garin akwai ofis. Wani bunsuru ne a kujera, da tabarau, yana taunar wayar lantarki.

"Malam, me ka zo yi?"

"Ɗana na zo ɗauka."

"Sunansa?"

"Ɗan fari ne," na ce. "Ba na faɗa. Ubana ma bai taɓa faɗar nawa ba."

"Ka sha wuya ke nan. Wuce."

Sai ga ni a kasuwa. Babu mai tafiya da ƙafarsa. Wani ƙaton hannu ne daga sama yake tura mutane, ya ja wannan hagu, ya ja wancan dama. Na gane hannun, na ɗan nawa ne. Ga tabon nan a babban yatsa, inda ya ƙone da murhu yana rarrafe. Ni na goya shi zuwa wurin mai magani ranar, da gudu, ba takalmi.

Na ɗaga kai. Yana can sama, fuskarsa ta cika gabas, fitilar tana rina ta. Ashe har gemu ya fara.

"Kai!" na ce. Ya ci gaba da tura mutane.

"Yaron nan!" Ya ja wani dama.

Matata Talatu ta wuce a kan jaki, jakin yana tafiya da baya.

"Maigida, kira shi da sunansa mana. Nan garin ba a jin 'kai'."

"Ke ma kin lalace?"

"Tuwonka na hucewa," ta ce, ta shige bango.

Fitilar ta koma ja. Bunsurun ya leƙo ta taga ya ce idan ta mutu an rufe gari, wanda ke ciki ya zauna, na waje ya tafi. Ta fara dishewa. Na tsaya ina cizon baki. Abin da ban yi a gaban uwata ba, yau zan yi a gaban akuya.

Na buɗe baki na kira sunan. Da ƙarfi. Ya fito da ƙura kamar tsohon buhu.

Yaron ya sunkuyo ya dube ni sosai, ido cikin ido.

"Wane ne wannan?" ya tambayi bunsurun.

"Ya ce ubanka ne."

"Ƙarya yake. Baba bai san sunana ba."

Ya ɗora yatsan mai tabo a kan mawus, ya saita ni, ya danna. Ƙas.

Na farka. Ƙas, ƙas, ƙas, daga ɗakin zaure inda yaron yake kwana. Haske yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsa, ja, kore, shuɗi. Na tashi na je na tsaya a bakin ƙofar, na yi gyaran murya.

"Kai," na ce.

Ƙas, ƙas.