Fuskar Kyanwa a Kan Wainar Ƙwai

Rabon da Chisato ta ce wa mahaifinta Tsuneo "zo mu fita" har ya manta. Sai ga shi ana jibi za ta tafi jami'a can birnin Sapporo, ta gayyace shi cin abinci a unguwar Ikebukuro. Tsuneo har da goge takalmi. Abu ɗaya ya sa a ransa: kada ya kunyata yarinyar nan ta tafi da haushinsa.

Gidan abincin na masoya wani anime ne, wato fim ɗin zane, na wata kyanwa mai takobi. Bango kyanwa, kofi kyanwa, masu kawo abincin ma kowa da kunnuwan kyanwa a ka. Tsuneo ya zauna a ɗarare kamar baƙo a gidan surukai.

"Baba, saki jikinka mana. Ba mai cizonka."

"A sake nake," in ji shi, yana riƙe da jakarsa gam.

Aka kawo shinkafa lulluɓe da wainar ƙwai. Mai kawowar ta tsaya ta zana fuskar kyanwar a kai da jar miyar tumatir, har da gashin baki. To, a nan kowa ya san ba a taɓa abinci sai an jingina 'yar tsanar kyanwar kusa da faranti an ɗauki hoto. Kowa ban da Tsuneo, direban jirgin ƙasa, wanda ya saba cin abincin rana a tsaitsaye. Chisato na laluben 'yar tsanarta a jaka, shi kuwa ya haɗa tafuka, ya yi godiyar abinci, ya luma cokali a idon kyanwa.

'Yan matan teburin kusa suka juyo suna kallonsa.

"Baba," Chisato ta ce a hankali, "ka ci idonta."

Shi ke nan, ya ɓata. Ya ɗauki kwalbar miyar da ke kan teburin, wai zai gyara. Ina! Ido ya zama ƙato, gashin baki ya zarce har gefen faranti, kyanwa ta koma wani tsoho mai fushi.

Chisato ta kalli farantin, ta kalli mahaifinta. Kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Wallahi kai ne. Haka kake yi in jirgi ya makara."

"Ni? Ni na fi wannan kyau."

"Kaɗan dai."

Ta ɗaga wayarta, ta ture 'yar tsanar gefe. Tsuneo ya ja da baya don kada ya ɓata mata hoto a karo na biyu.

"A'a, matso," ta ce. "Riƙe farantin kusa da fuskarka. Kyanwar nan ko a Sapporo akwai ta a kowane shago. Kai ne babu."