Gawon Ƙarshe a Urafane

Diraktan lakwal, makarantar bokon garin Urafane, ya dangwarar da takardun a tebur ya ce, "Madam Furera, labarin ga ba za a karanta shi gaban iyayen yara ba."

Labarin na Nana Firdausi ne, ɗalibar Furera, wanda aka zaɓa don bikin rufe shekara. Yarinyar ta zana Urafane bayan shekara hamsin: an sare gawo kakaf, gonaki sun mutu, irin gero sai a hannun mutum guda, mai ƙorafi kuma a hana shi shuka.

"Ga damina ta ƙarato, ɗiya ta zauna tana yi ma gari mugun fata," in ji shi. "In ruwa ya yi gardama bana, bakin wa za a kama?"

Ran Furera ya ɓaci, amma ta danne. "Mushe Dirakta, ba fata ba ne. Da can marubuta ƙasar daɗi suke ƙagowa, wadda ba yunwa ba zalunci. Da aka ga masu alkawarin irin ta sun ƙare da ɗaure mutane, sai wasu suka koma rubuta inda hanyar ke kaiwa, don a juyo tun da wuri. In na ce maka gara ta shiga rumbunka, ni na sa ta?"

"Akwai gurbi a lakwal ɗin Attantane, can ƙauye," ya ce. "Kalma ɗaya zan rubuta, a maida ke can."

"Can ma akwai allo."

Ranar bikin da la'asar filin lakwal ya cika. Furera ta miƙa wa yarinyar makirfo da hannunta, ko da yake ba ƙarya tana son zaman Urafane. Nana Firdausi ta fara karatu. Ba ta ci rabin shafi ba Dirakta ya ƙyafta wa mai janareto ido. Ɗif, lasifika ta mutu.

Tsoho Danda, wanda ya fi kowa gawo a gona, ya jawo tabarmarsa gaba. "Ci gaba, jikata. Kunnuwanmu ba da esansin janareto suke aiki ba."

Jama'a suka matso. Yarinyar ta nemo inda ta tsaya, ta ɗaga murya: "A garin nan, duk wanda ya tashi magana, sai a kashe masa lasifika."

Ɗaya bayan ɗaya, kawuna suka juya wajen Dirakta.