Ɗigo-ɗigon da ke Kwamfutar Enoch

Enoch na tsugune a kan dutse yana ɗaga waya sama don neman sabis, sai ya ji sanyin bakin bindiga a ƙeyarsa.

"Kada ka motsa."

'Yan sa-kai ne. Kowa a Randagi ya san makomar wanda aka kama yana waya a bakin daji: sunansa infoma, kuma ba a kai shi kotu.

Haruna, shugabansu, ya ɗauki kwamfutar da ke buɗe a gefen Enoch. Baƙin allo, fararen ɗigo-ɗigo, kowanne da lamba.

"Ɗan gidan Solomon? Har da kai? Taswirar ƙauyukanmu kake tura wa 'yan bindiga?"

"Na rantse da Allah, Baba, taurari ne! Aikin makaranta nake tura wa malamina a Zariya."

"Taurari da rana tsaka!" in ji wani matashi mai adda. "Ga Gwaska nan, ga Kutemeshi. Ya raina mana hankali."

Enoch ya sha yin wannan bayani gaban manyan malamai, amma yau harshensa sai sarƙewa yake.

"Wani ɗan gungun taurari ne, Baba, dishi-dishi, can nesa da namu. A ciki akwai masu bugawa kamar zuciya, su yi haske su dusashe. Bugun ke nuna ainihin ƙarfin haskensu. In ka gwada da yadda suke isowa gare mu, sai ka san nisan gungun."

Ya miƙa hannu ya danna kwamfutar. Wani ɗigo ya kumbura, ya lafa, ya sake kumbura. Haruna ya daɗe yana kallo.

"To me za ka samu in ka san nisan?"

"Ba komai, Baba. Sani kawai."

Tsohon ya yi tsaki, har da guntuwar dariya. "Kai, boko! Infoma ba ya wahalar banza irin wannan. Ungo kayanka, sauka gida."

Enoch ya kama gefen kwamfutar, ƙwalla na cika masa ido.

Sai ga rugugi daga cikin daji. Babura ne, masu yawan gaske, sun miƙo hanyar ƙauyen. Ba wanda ya kalli dajin. Duk shi suka juyo suna kallo.

Enoch ya ɗan ja kwamfutar. Haruna bai saki ba.