Sunan da Aka Kira a Gindin Rimi

Normala tana ɗaure wa 'yarta Suraya igiya a ƙarƙashin farar riga sai rimin ya sake yin ƙara. Ƙiiiƙ, kamar tsohuwar ƙofa. Iska kuwa ko ganye ba ta kaɗawa.

Ta ɗaga kai. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa, ya dubi reshen, ya mayar. Masu fitila biyu suka haɗa ido, kowa ya koma kan aikinsa.

Ai tun safe aka ja wa masu ɗaukar fim ɗin nan kunne. Tok Deraman, dattijon ƙauyen, ya same su suna cin shinkafar kwakwa a ganyen ayaba, ya yi musu addu'a, sannan ya ce, "Kun shigo gidan wasu. In kun ji wani ƙamshi ko wata ƙara, kada ku tanka. Kada a kira kowa da sunansa na yanka. In an kira mutum daga daji, kada ya amsa." Kowa a wurin da wannan aka raine shi. Shi ya sa Suraya ta koma Mai Gashi, saboda gashin da aka ɗora mata har gwiwa.

A gindin rimin nan aka ɗauki wani tsohon fim tun zamanin kakanni: matar da ta mutu wajen haihuwa ta dawo tana dirowa daga reshe a kan masu wucewa. Normala ta kalle shi tana ƙarama, ta daɗe ba ta zuwa bayan gida ita kaɗai. Yanzu darakta Hafizul ya kafe, sabon fim ɗin ma sai a wannan reshen dai. Da rana tsaka suke ɗauka, wai kwamfuta za ta mayar da shi dare. To, kwamfutar za ta mayar wa reshe ƙuruciyarsa ne?

"Mak, kin matse ni," in ji Suraya; Mak ɗin uwa ke nan a yarensu. "So kike fatalwa ta mutu sau biyu?"

"Rufe min baki. A nan ake irin wannan wasan?"

Suraya ta yi dariya da baƙaƙen leɓɓanta. Ta gaji da fitowa a tallan sabulu a talabijin, yau ce ranarta, kuma uwar ta sani.

Aka ja igiya. Farar rigar ta yi sama, ta yi sama, har ƙafafun Suraya suka wuce tsayin rufin gida. Ƙasa kuwa saiwoyi ne jibga-jibga. Ƙiiiƙ.

Normala ta matsa kusa da darakta.

"Ƙanena, a ɗan sauko da ita ta sha ruwa mana."

"Haba Kak, babbar yaya, yanzu ta hau. Rana na gudu. Akwai matsala ne?"

Ya tambaya, amma bai yarda ya dube ta ba. Ashe shi ma ya ji. Ta juya ga Tok Deraman, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. In itace ne ya ruɓe, shirunta zai kashe mata 'ya. In kuma ba itace ba ne, bakinta ne zai nuna wa mutanen ɓoye ita. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙarar ta sake zuwa, doguwa, Suraya tana lilo a ƙarƙashinta da hannuwa a buɗe.

"Suraya!" Normala ba ta san sanda ihun ya fito ba. "Reshen yana ƙara! Ku sauko min da Suraya!"

Wurin ya yi tsit, har tsuntsaye. Wani ya ce, "Innalillahi." Aka sassauta igiya, yarinyar ta sauko lafiya lau.

Hafizul bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya sa aka rataya buhunan yashi a madadinta, nauyin ƙarti biyu. Reshen ko gezau. Ba ƙara, ba motsi, kamar an toshe masa baki.

"Kin gani?" Suraya ta ce, hawaye na wanke hodar fuskarta. "A gaban kowa, Mak. Sai ka ce 'yar goye."

Tok Deraman ya miƙe ya kaɗe zanensa. "Ku tattara, na yau ya ƙare." Ya dubi Normala sau ɗaya. Ya hau kekensa ba ko sallama.

Ana loda kaya a mota, Normala ta durƙusa tana naɗe gashin, fil biyu a bakinta. Suraya tana can gefe ta juya mata baya, tana goge fuska, tana fushi. Sai yarinyar ta ɗaga kai, ta dubi duhuwar da ke bayan rimin.

"Na'am, Mak?" ta ce da ƙarfi, cikin ƙosawa. "Me kuma?"

Normala tana bayanta. Fil ɗin suna nan a bakinta, ba ta cire su ba.